Tambaya da Amsa: Kano ko Legas, Ina Ya Fi Dacewa da Hajiyarmu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna. Ni ɗan Kano ne, shekarata 11 ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, iyalina kuma suna tare da ni a nan wajen Ketu. Hajiyarmu tana gida Kano, ta kusa shekara 70. Duk shekara da hunturu ya kama, tari sai ya taso mata, ƙirji ya riƙe, wani daren a zaune take kwana. Likita ya ce asma ce. Bara sau biyu ana ba ta gado. In bazara ta zo kuma zafi ya hana ta sakat, ga hawan jini. Na ce a kawo min ita Legas ta zauna, yayata ta ce atafau ba ta yarda ba, wai danshin kurmi zai sa mata sanyin ƙashi, sauro kuma ya ƙarasa ta. Mun ja maganar har mun fara jin haushin juna. Ke kin zauna a garuruwan nan biyu. Wanne ya fi iska mai kyau, kuma da ke ce wanne za ki zaɓa?

Ɗanki, mai albasa a Mile 12.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya yi maka albarka. Tun farko ina so ka sauke fushin da kake yi da yayarka. Abin da take tsoro gaskiya ne, abin da kake tsoro shi ma gaskiya ne. Kai kana ganin watan Janairu a Kano, ita tana hango watan Yuni a Legas.

Bari in fara da randata. Sama da shekara 30 ke nan da aka kawo ni Agege amarya daga cikin birnin Kano. A cikin kayan ɗakina mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta sa randa sabuwa, aka naɗe ta da tsummokara da buhu don kada ta fashe a mota. Ta iso lafiya. Na wanke ta, na turare ta, na girke ta a kan yashi a lungun ɗaki kamar yadda muke yi a gida, na cika ta da ruwa da magariba. Da safe na sa moɗa na kai baki, ruwan nan ɗumi-ɗumi, ba shi da maraba da na bokiti. Na ɗauka randar ce ba ta gasu da kyau ba. Bayanta kuwa kullum a jiƙe, bayan 'yan makonni har ta fara yin kore-kore a gindi. Sai da na daɗe na gane cewa randa ba ta da laifi. Abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne ɗan tsattsafin da ke fitowa ta jikinta iska ta busar da shi, in ya bushe sai ya tafi da zafin ruwan. Iskar Kano busasshiya ce, tana shanye shi nan take. Iskar Legas kuwa ta riga ta ƙoshi da ruwan teku, ba ta da wurin karɓar wani.

To jikin ɗan Adam randa ne. Gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe. Shi ya sa za ka ga ma'aunin zafi a Legas yana nuna digiri 31 ko 32, amma mutum yana jin kamar an rufe shi a tukunyar dambu, ka yi wanka kana gogewa wani gumin yana tsattsafowa. A Kano kuwa cikin Afrilu ma'auni yakan kai 40 har ya ɗan haura, rana tana dukan kai kamar wuta, amma in ka samu inuwar darbejiya ka yayyafa ruwa a jiki, za ka ji sauƙi. Zafi biyu ne daban. Na Kano yana ƙuna, na Legas yana dafawa. Danshin iskar Legas yakan wuce kashi 80 cikin 100 a yawancin shekara, na Kano kuwa da rana cikin hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20.

Dalilin duka wannan iskoki biyu ne da suke karɓa-karɓa a kan ƙasar nan. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ɗauke da ruwa. Ɗayar tana gangarowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Iyakar da suke haɗuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya: tana haurawa arewa daga wajen Maris har Agusta, sannan ta juyo. Legas tana bakin teku, saboda haka kusan duk shekara tana hannun iskar ruwa, iskar hamada ba ta leƙo ta sai na 'yan makonni a Disamba da Janairu, shi ma da ta iso ta yi laushi. Kano kuwa tana can sama da kilomita 1,000 ta hanyar mota, iskar ruwa ba ta zama a can sai wata huɗu zuwa biyar.

Shi ya sa a nan ake fara ruwa tun Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya sake dawowa a Satumba da Oktoba. Kamar damina biyu a shekara ɗaya. Wannan tsagaitawar ta Agusta tana faruwa ne daidai lokacin da ruwan ya koma arewa, lokacin da ake marka a Kano. Sau da yawa nakan kira gida a ce min kwana uku ba a ga rana ba, ni kuma a nan shanyata ta bushe. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara yakan haura milimita 1,500, na Kano bai cika kaiwa 1,000 ba.

Kai da kake sana'ar albasa ka fi ni sanin abin da danshi yake yi. Albasar da za ta yi watanni a rumfar ajiya a arewa, in ta sauka Mile 12 cikin Yuni kwana nawa take yi kafin ta fara tsiro, ta fara ruwa daga ƙasan buhu? Haka yake a cikin ɗaki. Daminata ta farko a nan na buɗe akwatin lefena bayan wata biyu ban taɓa shi ba. Takalmin fata da jaka duk sun yi fari fat da hunhuna, atamfofin da ban ma ɗinka ba suna warin gumɗa, makullin akwatin ya yi tsatsa. Na zauna a bakin gado na yi kuka, domin a gidanmu kaya sai dai su yi ƙura, ba su ruɓewa a ajiye. Yaji yana dunƙulewa, gishiri yana ruwa, kuka da busasshiyar kuɓewa in ba ka rufe su a kwalba ba sai ka zubar. Kilishin da aka aiko da shi daga gida, wanda can yake karyewa ƙaras, a nan kwana biyu ya yi laushi. Abu ɗaya na ga yana jin daɗin iskar nan, shi ne goro, kuma shi ne ya fara zaunar da kakanninmu a Agege tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano.

Ga kuma ambaliya. Legas gari ne kwance, wurare da yawa kusan daidai suke da teku, ruwa ba shi da inda zai gangara da sauri. Wanda yake garin nan ranar Lahadi 10 ga Yuli, 2011 ba zai manta ba: tun safe aka tsuge da ruwa bai ɗauke ba har dare, gidaje suka cika, aka yi asarar rayuka. Mu a layinmu katifu muka ɗora a kan tebur, yara a kan katifu. Ku kuma na wajen Mile 12 da Agiliti da Owode kuna da naku na daban, wanda yake zuwa ko ba a yi ruwan sama ba, in kogin Ogun ya cika ya yi amai wajen Satumba da Oktoba. Ba wai Kano ba ta sanin ɓarnar ruwa ba ne, gidajen ƙasa suna zubewa a Agusta, kuma manya suna tuna fashewar madatsar Bagauda a 1988. Amma a Kano in ruwa ya ɗauke rana ta fito, kafin la'asar tsakar gida ta bushe. A nan bango yakan yi wata uku bai bushe ba.

Yanzu mu juya Kano, kada ka ce na ɓata Legas na bar gida.

Ƙurar hunturun da ke riƙe ƙirjin Hajiya ba ƙurar titi ba ce. Mafi yawanta daga ƙasar Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, wanda a da can ƙasan babban tafki ne ya ƙafe. Garinta laushi gare shi fiye da na tuwo, shi ya sa yake rataye a sama kwana da kwanaki ya zama hazo, ya bi ta kafar taga, ya kwanta a kan kwanuka, ya wuce hanci ya shige can cikin huhu. Ka haɗa shi da sanyin asuba, wanda a Janairu yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 14, ka ƙara da hayaƙin icen da ake hurawa a ɗaki don jin ɗumi. Ga mai asma waɗannan ukun duk abokan gaba ne, kuma tare suke zuwa. Lafiyayye ma leɓensa yana tsagewa, ƙafa ta yi faso, yara su yi ta haɓo, man kaɗanya da basilin su ƙare a gida. Saboda haka abin da ka gani a jikin Hajiya ba zato ba ne.

Daga nan sai bazara, Maris zuwa Mayu. Ita ce nake jin tsoro ga tsofaffi fiye da hunturu. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, jikinsa yana bushewa bai sani ba, ga mai shan maganin hawan jini abin ya fi haɗari, don wasu magungunan suna ƙara fitar da ruwa daga jiki. Ɗakin kwano da rana tanda ne, da dare bango yana mayar da zafin da ya sha. Lokacin ne kuma na sanƙarau da ƙyanda. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe mutum fiye da 10,000 a arewa, kuma cikin watannin zafi da ƙura ta yi ɓarnarta. Azumin 2021 da na 2022, da suka faɗo cikin Afrilu, na yi ɗaya a Kano. Na ga dattijai a masallacin unguwa suna jiƙa rawani suna ɗorawa a ka tun kafin azahar. A Legas azumi bai taɓa ba ni irin wannan ƙishirwar ba, sai dai kasala.

Ka tambaye ni wanne zan zaɓa. Kano zan zaɓa, kuma ban yi jinkiri wajen faɗa ba. Na haifi 'ya'yana a nan, na aurar a nan, abincina a nan Allah ya ajiye shi, ba ni da abin da zan ce wa Legas sai godiya. Amma shekarar Legas kusan fuska ɗaya gare ta: ko ana ruwa ana gumi, ko ba a ruwa ana gumi. Tsakanin dare da rana bambancin kaɗan ne, dare bai cika sauka ƙasa da digiri 23 ba, jiki ba ya samun ranar hutu. Shekarar Kano kuwa tana tafiya, kana jin tafiyarta a fatarka. Ka sha wuyar bazara, kana kwana a tsakar gida a kan tabarma kana kallon taurari, sai wata rana da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta taso ta kwashe shanya, a yi ta gudu ana kama awaki, sannan ɗigon farko ya faɗi a kan busasshiyar ƙasa. Wannan ƙanshin ban taɓa jin sa a Legas ba, domin ƙasar nan ba ta taɓa yin ƙishirwar da za ta yi shi. Sai damina ta yi kore, sai kaka ta zo da sabon gero da gyaɗa da rake, iska ta yi sauƙi, dare ya yi daɗin barci. Sai sanyi, a sha kunu da zafinsa a bakin murhu. Kowace wahala a can tana da ranar ƙarewa, kuma ka san ranar. Ni wannan nake so, kuma in Allah ya ja kwana can nake fatan in ƙarasa.

Sai dai ni ƙirjina lafiya lau. Zaɓina ba shi ne na Hajiya ba.

Shawarata ita ce kada ku zaɓar mata gari ɗaya. Ku raba mata shekara. Ta zo Legas wajen tsakiyar Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, ta zauna har ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Da haka ta tsallake hunturu ta tsallake bazara, kuma yawancin zamanta a nan ya faɗo lokacin da ruwa ya ja baya. Da ruwa ya sauka a Kano ya kwantar da ƙura ya karya zafi, daidai lokacin da Legas take shiga tsakiyar ruwanta, sai ta koma ɗakinta ta yi damina da kaka a cikin 'yan'uwa. Da yawa daga tsofaffinmu na Agege da Idi-Araba haka 'ya'yansu suke yi musu, kuma ya fi zaman dindindin karɓuwa a wurinsu, don tsohuwa ba ta son a ce ta tashi daga gidanta ke nan. Ka sani dai Fabrairu da Maris a nan ma akwai zafi mai naci. Ka tanadi fanka mai caji, ka sa ido a kan shan ruwanta.

Amma kafin ka sayi tikiti, ka duba ɗakin da za ka sa ta, domin ga mai asma ɗaki ya fi gari muhimmanci. Hunhunar bango tana tayar da asma kamar yadda ƙura take tayarwa. Ka shafa tafin hannunka a bango ta ƙasa-ƙasa, bayan gado da bayan kwaba. In ka ji sanyi da laima, ko fenti yana kumbura yana ɓarewa, ko ka ga baƙi-baƙi a lungu, ɗakin nan bai dace da ita ba. Ka ɗaga leda ko kafet ka shinshina ƙasansa. Ka fita waje ka dubi katangar gidan, ruwan ambaliya yakan bar zane a inda ya tsaya, kuma maƙwabta za su gaya maka abin da mai gida ba zai faɗa ba. Ka duba ina janareton gidan da na maƙwabta suke, in a gindin tagarta ne to ka gudu daga ƙura ka faɗa hayaƙi. In ɗakin yana bakin babban titi inda manyan motoci suke tsayawa a cunkoso, shi ma haka. Ɗaki mai taga biyu da iska ke ratsawa ya fi babban ɗaki mai taga ɗaya. Irin gidajen hayarmu na nan masu ɗakuna suna kallon juna, ba tsakar gida ba inuwa, suna takura tsohuwar da ta saba da fitowa ta shimfiɗa tabarma ta sha hantsi. Ka nema mata ko ɗan baranda ne. Turaren wuta kuma, na san abin da yake a wurinmu, amma maiɗakinka ta haƙura da shi a ɗakin Hajiya, haka maganin sauro na kunnawa.

Maganar sauro yayarka ta fi ka gaskiya. A Kano zazzaɓin cizon sauro yana da lokaci, damina da farkon kaka, shi ya sa a watannin nan ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara maganin rigakafi. A Legas ba shi da lokaci, kwatoci ba sa bushewa. Gidan sauro mai magani dole ne kowane dare, da raga a taga, kuma in jikinta ya yi zafi a yi gwaji a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Sanyin ƙashi kuwa, danshi ba shi yake haifar da ciwon gaɓɓai ba, amma masu shi da yawa suna cewa ya fi damunsu in gari ya yi laima. In Hajiya ba ta da shi tun can, kada wannan ya hana ta zuwa.

Ka kai ta wurin likitan da yake duba ta kafin tafiya, ka gaya masa shirin. Ya rubuta muku sunayen magungunanta da yadda take sha, ku taho da abin shaƙarta fiye da ɗaya, sannan tun kafin ta iso ka san asibitin da za ka nufa in abu ya taso da tsakar dare, da wanda zai ɗauke ku. Cunkoson hanyar Ikorodu ba ya sanin mai numfashi sama-sama. In da hali ta hau jirgin sama, tafiyar ba ta kai awa biyu ba, mota kuwa yini ne da kwana, yana da yawa ga mai shekara 70. Wani dalilin da ya sa na ce Nuwamba ke nan: in hazo ya rufe Kano a Disamba da Janairu, jirage sukan kasa tashi da sauka, a yi ta ɗage tafiya.

A wasiƙarka na ji abin da ka ce, na ji abin da yayarka ta ce, ban ji abin da Hajiya ta ce ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka je da kanka, kada ka yi ta waya. Ka fara sauka wurin yayarka, ka gaya mata wata shida ne ba ƙaura ba, kuma in ta samu dama ta rako ta ta ga ɗakin da idonta. Sannan ku shiga wurin Hajiya tare, ku durƙusa ku gaya mata, ku ce gwaji ne na shekara ɗaya, in bai karɓe ta ba za ka mayar da ita ko a tsakiyar wata ne. In ta amince, ku bar ta ta ɗauko abin da take so na ɗakinta, buta da darduma da kwanon shanta, kukarta da daddawarta ku zuba su a kwalabe masu murfi. Randa dai a bar ta a Kano, a kife ta, za ta same ta in ta koma da damina.